Wai Arsenal babbar ƙungiya ce, ko dai yawan magoya baya ne kawai?

Ɗan Madrid:
Salamu alaikum 'yan zaure. Kaka ta ƙare, kowa ya kwashi abin da ya shuka. Liverpool ta ɗau Firimiya, PSG ta ɗau Zakarun Turai, Crystal Palace ta ɗau kofin FA, Newcastle ta ɗau kofin Carabao, kai har Tottenham ta ɗaga kofi a 2025 ɗin nan. Arsenal kuwa ta biyu, karo na uku a jere. To ni tambaya gare ni, kuma wallahi ba da tsokana na zo ba: da me ake kiran Arsenal babbar ƙungiya? Ba ta taɓa cin Zakarun Turai ba. Rabonta da Firimiya tun 2004, lokacin ina goye a bayan Umma. A ba ni hujja, ban da hayaniya.

Maman Saka:
Wa alaikumus salam ƙanina. Kafin a ba ka hujja, ya jikin? Ina nufin ciwon watan Afrilu. Uku ba ko ɗaya a Landan, biyu da ɗaya a gidanku. Har yanzu golanku yana neman inda ƙwallayen Rice biyu suka bi.

Ɗan Madrid:
Anti, na san nan za ki fara. Kun cire mu, mun ji. Daga nan sai me? PSG ta haɗa muku kayanku gida da waje. Mu kofi 15 ne a ɗaki. Ku da kuka cire mu, me kuka kai gida?

Shugaban Zaure:
Tun ba a yi nisa ba ina tunatarwa: ban da zagi, ban da ambaton iyaye. Wanda ya karya doka kwana uku a waje. A ci gaba.

Kawu Mai Igwa:
Ɗana, tambayarka ba ta da laifi, kuma zan amsa maka a tsanake, sai dai ka yi haƙuri da tsawon rubutu, tsoho ba ya iya gajerar magana.

Matsalar yaran yanzu, har da namu 'yan Arsenal, suna zaton ƙungiyar nan koci Wenger ne ya haife ta a 1996. Ba haka ba ne. A 1886 aka kafa ta, wato ta girmi Madrid ɗinka da shekara 16. Ma'aikatan wata masana'antar ƙera makamai ta gwamnatin Birtaniya ne a unguwar Woolwich, kudu maso gabashin Landan, suka yi karo-karo suka sayi ƙwallo. Jagoransu wani mutumin Sukotlan ne, David Danskin. Da farko Dial Square suka kira kansu, sunan wani sashe na masana'antar, daga baya Royal Arsenal, sannan Woolwich Arsenal. Kalmar Arsenal ɗin ma ma'anarta rumbun makamai. Shi ya sa ka ga igwa a tambarin. (Kuma don Allah masu fassara laƙabin ƙungiyar da "'yan bindiga" su daina, zamanin nan ba na wannan suna ba ne. Masu igwa ya wadatar.)

A 1893 suka shiga gasar lig ta Ingila, su ne ƙungiya ta farko daga kudancin ƙasar da ta shiga, don a lokacin ƙwallon sana'a na mutanen arewa da tsakiyar Ingila ne. Amma Woolwich lungu ce, 'yan kallo ba sa zuwa, kuɗi suka ƙare, har ƙungiyar ta kusa rushewa a 1910. A 1913 ta faɗi zuwa rukuni na biyu. A wannan shekarar mai ita, Henry Norris, ya kwashe ta ya tsallaka kogi da ita zuwa Highbury a arewacin Landan. Ka riƙe wannan shekara, 1913, domin ita ce faɗuwar Arsenal ta farko kuma ta ƙarshe. Tun da ta koma rukunin farko a 1919 ba ta sake sauka ba. Babu ƙungiyar da ta kai ta daɗewa a sama ba yankewa. United ta faɗi a 1974. Liverpool ta yi shekara takwas a rukuni na biyu, daga 1954 zuwa 1962. Chelsea da City kuwa hawa da saukarsu ba a magana.

Ɗan Tottenham Tilo:
Tsaya Kawu, tsaya. "Ta koma rukunin farko a 1919." Haka kawai? Ka faɗa wa yara yadda ta koma mana. Da ƙwallo ta koma ko da baki?

Maman Saka:
La, ashe kana nan. Mun zaci tun da kuka ci kofin Europa ka tafi yawon nuna shi ƙauye-ƙauye. Na 17 a teburi fa kuka ƙare.

Ɗan Tottenham Tilo:
Na 17 da kofi a hannu ya fi na biyu da hannu a aljihu. Amma bari in ba da labarin da Kawu ya tsallake. Kakar ƙarshe kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya dakatar da wasa, wato 1914/15, Arsenal ta biyar ta ƙare a rukuni na biyu. Ta biyar! Barnsley da Wolves suna gabanta. Bayan yaƙi aka ce za a faɗaɗa rukunin farko daga ƙungiya 20 zuwa 22. Derby da Preston suka hau saboda su ne na ɗaya da na biyu, aka bar Chelsea a inda take, saura gurbi ɗaya. Maimakon a bar wa Tottenham gurbinta, sai aka ce a yi ƙuri'a. Arsenal 18, mu 8. Sun zo sun tare a unguwarmu ba sallama, sannan suka ɗauke mana kujera. Wannan shi ne asalin gabar, ba wani abu ba. Ƙungiyar da ke alfaharin ba ta faɗuwa, hawan ma ba da guminta ta yi ba.

Kawu Mai Igwa:
Abin da ka faɗa haka yake, ban musa ko ɗaya ba. Zan ma ƙara maka: an daɗe ana zargin Norris ya yi amfani da sanayya da ƙarfin faɗa-a-ji, kuma daga baya hukumar ƙwallon Ingila ta kore shi daga harkar ƙwallo kan wata badaƙalar kuɗi daban. Amma maganar cin hanci a ƙuri'ar 1919 zargi ne, ba a taɓa kawo shaidarsa ba. Sannan in an ɗora ka a kan doki da alfarma, zama a kansa shekara ɗari da shida ba alfarma ba ce. Ku ma ai kun hau a 1920, kun sake faɗuwa sau uku bayan nan, ta ƙarshe a 1977. Ƙuri'a ce ta kayar da ku?

Ɗan Madrid:
Kawu duk na ji, amma rashin faɗuwa ba kofi ba ne. Everton ma ta daɗe ba ta faɗi ba. Kofuna nake tambaya.

Kawu Mai Igwa:
To ga kofuna. Lig 13, United da Liverpool ne kawai suka fi ta, kowacce 20. Kofin FA 14, babu wanda ya kai ta, United ke biye da 13. Sau uku tana haɗa lig da FA a kaka ɗaya: 1971, 1998, 2002.

Amma ni ba ƙidaya ce ta fi burge ni ba. Mutum ɗaya nake so ka sani, Herbert Chapman. Ya zo a 1925 daga Huddersfield, inda ya ci lig sau biyu a jere. Ya tarar da Arsenal ba ta taɓa cin komai ba. A shekarar da ya zo aka sauya dokar satar gida, daga 'yan baya uku aka mayar biyu, ƙwallaye suka yi ta shiga raga kamar ruwan sama. Shi da kyaftin ɗinsa Charlie Buchan suka janyo ɗan tsakiya guda suka mayar da shi baya, ya zama mai tsaron tsakiyar gida. Tsarin nan da ake kira WM ke nan, kuma shekaru da dama da shi duniya ta yi ta wasa. Duk lamba biyar da ka gani yau yana tsaye a gaban gola, daga can aikinsa ya samo asali.

Shi ya ci musu kofin farko, FA na 1930, sai lig na 1931 da na 1933. Shi ya kawo farin hannun riga da ake sanin Arsenal da shi har yau. Shi ya matsa har aka sauya sunan tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa da ke kusa da fili daga Gillespie Road zuwa Arsenal a 1932. Ka duba taswirar jirgin Landan, sunan yana nan. Ya rasu kwatsam a Janairun 1934 ana tsakiyar kaka, amma ginin da ya yi bai rushe ba: suka ci lig na 1934, da 1935, da 1938. Lig biyar a shekara takwas. A Nuwamban 1934 Ingila ta kara da Italiya mai riƙe da kofin duniya a Highbury, cikin 'yan wasan Ingila 11, bakwai na Arsenal ne, kuma suka ci uku da biyu. Ted Drake ya zura bakwai shi kaɗai a ragar Aston Villa a 1935, a gidan Villa. A wancan zamanin in an ce ƙwallon Ingila, Arsenal ake nufi.

Ɗan Madrid:
Kawu wannan ai zamanin En'e ne. Lokacin ko talabijin babu.

Kawu Mai Igwa:
Biyar daga cikin 15 ɗin da kake taƙama da su, 1956 zuwa 1960 aka ci su. Ka cire su tukuna sai mu yi maganar zamanin En'e.

Maman Saka:
Kawu ya gama da kai ƙanina, je ka sha ruwa.

Baffa United:
Ina ta karantawa ina dariya. Kawu ka iya tsara magana, amma ka bar ramuka. Daga 1953 zuwa 1970 Arsenal ba ta ɗaga komai ba, shekara 17. Daga 1971 zuwa 1989 babu lig, shekara 18. Yanzu daga 2004 zuwa yau, 21. Ƙungiyarku kamar damina take a Sahel, in ta yi shekara biyu mai kyau sai fari ya biyo baya. Kuma tun bayan zamanin Chapman ba ku taɓa kare kambun lig ba, ko Wenger bai yi ba. Ferguson ya ci uku a jere har sau biyu. Wannan shi ne bambancin babba da mai tashe.

Kawu Mai Igwa:
Baffa, wannan gaskiya ce mai ɗaci kuma na haɗiye ta. Rashin kare kambu tabo ne a tarihin Wenger. Sai dai wanda ya ƙare na 15 bana, ya kamata ya sassauta murya in ana maganar fari.

Tunda ka ambaci 1971 da 1989, bari in ɗan tsaya a kansu, don su ne shekarun da suka fi daɗi a bakin tsofaffinmu. A 1971 kocin ma, Bertie Mee, asalinsa mai duba raunin 'yan wasa ne a kulob ɗin aka ɗaga shi. A filin Tottenham suka je suka ɗauki lig ranar Litinin, ƙwallon Ray Kennedy, ranar Asabar suka doke Liverpool a wasan ƙarshe na FA, Charlie George ya ci ya kwanta rigingine a ciyawa. Maƙwabcina Tilo, a 2004 ma a filinku muka sake ɗauka. Sau biyu Arsenal na cin lig a White Hart Lane. Ku ma sau biyu kuka taɓa cin lig a duk tarihinku, 1951 da 1961.

Ta 1989 kuwa, ni ina ganin ba a taɓa yin ƙarshen kaka irinsa ba, har da na 2012 da Aguero ya ci wa City lig a minti na ƙarshe. Wasan ƙarshe na kaka, ranar 26 ga Mayu, a Anfield, tsakanin ta ɗaya da ta biyu. An ɗage shi ne zuwa wannan rana saboda iftila'in filin Hillsborough, inda magoya bayan Liverpool da dama suka mutu a turmutsutsu. Liverpool ta wancan lokaci ba a zuwa gidanta da dogon buri, ga shi Arsenal sai ta ci da tazarar ƙwallo biyu, in ɗaya ne ma Liverpool ce zakara. Alan Smith ya sa kai ya ci ta farko bayan hutun rabin lokaci. Aka yi ta bugawa har minti 90 ya cika, 'yan Liverpool sun fara taya juna murna, sai ga Michael Thomas ya ratso ta tsakiya ya ɗaga ta saman Grobbelaar. Maki iri ɗaya, 76 da 76, tazarar ƙwallaye ma iri ɗaya, sai da aka koma ga wanda ya fi zura ƙwallo. Ni a rediyo na ji washegari da safe ina shirin fita aiki, na sa maƙwabcina ya sake kamo tashar don ban yarda da kunnena ba. George Graham ne koci, kuma ya sake ci a 1991 da rashin nasara ɗaya tak, duk da an zaftare musu maki biyu saboda dambacewar da suka yi da ku a Old Trafford.

Na Chelsea:
Rashin nasara ɗayan nan kuma a hannun wa? A faɗa da ƙarfi.

Kawu Mai Igwa:
A hannunku. Ka samu abin faɗa yau.

Mai Gidan Kallo:
Ni ba masanin tarihi ba ne kamar Kawu, amma na fi shekara ashirin ina karɓar kuɗin ƙofa, kuma zan faɗa muku abin da idona ya gani. Yawan 'yan Arsenal a ƙasar nan ba Chapman ne ya kawo shi ba, Kanu ne. Mutumin nan ya ci mana zinare a gasar Olympics ta Atlanta a 1996, ya zura wa Brazil biyu muna ƙasa, sai labari ya zo likitocin Inter sun gano ciwon zuciya, aka ce ƙwallo ta ƙare masa. Aka yi masa aiki a Amurka. Mutane sun yi masa addu'a kamar ɗan gidansu. To da Wenger ya ɗauko shi a farkon 1999 ya ba shi riga mai lamba 25, rabin gari suka bi shi.

Ranar da ta ƙulle abin ita ce ta Chelsea, Oktoban 1999, a Stamford Bridge. Ana ruwa, Chelsea na cin biyu ba ko ɗaya, saura kwata. Kanu ya ci ɗaya. Ya ci ta biyu. Ta ukun, gola De Goey ya fito har gefen fili, Kanu ya yanke shi a kan layin ƙarshe, inda kowa ke jiran ya bayar, ya murɗa ta ta wuce saman Desailly da Leboeuf ta shiga. A lokacin ni yaron gida ne a wani gidan kallo, ban buɗe nawa ba. Benci biyu aka karya a daren. Yaran da suka yi ihu a wannan dare su ne iyayen yaran da ke cika min ɗaki yanzu. Har gobe ranar wasan Arsenal sai na ƙaro benci daga makarantar allon maƙwabta. Su ne suka fi kowa zuwa da wuri, kuma su ne suka fi kowa fita ba sallama.

Ɗan Madrid:
Yauwa Alhaji, ka ga ka tabbatar da maganata. Yawan magoya baya ne.

Mai Gidan Kallo:
A'a ɗana, ban ce haka ba. Kanu ya kawo su, amma abin da suka tarar ne ya zaunar da su. Ai Okocha ya je Bolton, 'yan Bolton nawa ka sani a unguwarku?

Ɗan Damagaram:
Barkanku da hira 'yan'uwa. Mu nan Nijar ta wata ƙofar muka shiga. Wenger Bafaranshe ne, ya cika ƙungiyar da masu jin Faransanci: Vieira, Petit, Anelka, Henry, Pires, Wiltord, ga Lauren na Kamaru, ga Kolo Touré da Eboué na Kodebuwa, daga baya Adebayor na Togo da Song. A lokacin da manyan kulob na Ingila ke ɗari-ɗari da ɗan Afirka, shi ya jera su a fili. Kolo ma daga ASEC ta Abijan ya ɗauko shi da kuɗi kaɗan, ya mayar da shi ɗan baya na ƙungiyar da ba a doke ba.

Kuma a tuna, da ya zo daga Japan a 1996 'yan jaridar Ingila ba su ma san shi ba. Ya tarar da 'yan wasa na shan giya da cin abin da suka ga dama, ya sauya abinci, ya sauya atisaye, tsofaffin 'yan baya irin su Adams da Dixon da Winterburn suka ƙara shekaru suna wasa. Henry ya zo daga Juventus a 1999 yana ɗan gefe da ya rasa kansa, ya bar Arsenal da ƙwallo 228, babu wanda ya kai shi. Abin da Kawu ya ce Chapman ya yi, shi Wenger ya maimaita bayan shekara saba'in.

Baffa United:
Na san za a zo kan 2004, to bari in riga ku. An buga 38 ba a doke ku ba, mun yarda. Amma canjaras 12 fa. Maki 90. Chelsea ta yi 95 a kakar da ta biyo baya, City ta yi 100 a 2018, Liverpool ta yi 99 a 2020. Kuma da Van Nistelrooy bai buga fenaritin nan a turke ba a minti na ƙarshe a Satumban 2003, da duk wannan waƙa ba a yi ta ba. A kakar ma mu muka cire ku a FA, Chelsea ta cire ku a Zakarun Turai. Sannan bayan wasa 49 a jere ba a doke ku a lig ba, wa ya tsayar da ku a wasa na 50?

Maman Saka:
Baffa, "da" ba ta gina gida. Ya buga a turke, shi ke nan. City mai 100 an doke ta sau biyu. Liverpool mai 99 Watford ta yi mata uku ba ko ɗaya. Ferguson ya yi shekara 26 bai yi ba, Guardiola da duk kuɗinsa bai yi ba. Kafin Arsenal, Preston ce kawai ta taɓa yi, a 1889, ita ma wasa 22 ne. Wasa na 50 kuma kar ka sa in tuno faɗuwar da Rooney ya yi ba wanda ya taɓa shi.

Baffa United:
Alƙali ya busa, Hajiya. Biyu ba ko ɗaya aka rubuta.

Na Chelsea:
Duk kun kauce wa tambayar yaron nan. Turai. Mu 2012 da 2021. Nottingham Forest tana da biyu, Aston Villa tana da ɗaya. A Landan kofin nan gida ɗaya ya sani. Kawu, me za ka ce?

Kawu Mai Igwa:
Ba abin da zan ce sai gaskiya: nan ne ramin, kuma babba ne. Kofin Turai biyu ne kawai a tarihinmu, kofin Fairs na 1970 da aka doke Anderlecht, da na masu riƙe da kofi a 1994, ɗaya ba ko ɗaya a kan Parma. Sauran duk kuka ne. Valencia a fenariti a 1980. Zaragoza a 1995, Nayim ya ɗaga ta daga kusan tsakiyar fili a minti na ƙarshe na ƙarin lokaci ta wuce kan Seaman, kuma don ƙarin takaici tsohon ɗan Tottenham ne. Galatasaray a fenariti a 2000. Ku kanku kun yi mana huɗu da ɗaya a Baku a 2019, ƙwallon Iwobi ce kawai abin tunawa.

Amma 2006 ce ba ta warke ba. Wasa goma a jere ba a zura mana ƙwallo ba a gasar, har yau ba a karya wannan ba. Mun cire Madrid, Henry ya keta su shi kaɗai a Bernabeu, mun cire Juventus, mun cire Villarreal. A wasan ƙarshe da Barcelona a Paris, minti 18 aka ba Lehmann jan kati. Da mutum goma Campbell ya sa kai muka shiga gaba. Henry ya samu wadda zai kashe wasan, shi da gola, ya buga masa a hannu. Sai Larsson ya shigo, ya ba Eto'o, ya ba Belletti. Minti biyar suka rushe komai. Ban ci tuwon dare ba ranar, uwargida ta zaci rasuwa aka yi.

To Ɗan Madrid, in ma'auninka Turai ne kaɗai, Arsenal ba ta zauna a tabarmar Madrid da Milan da Bayern da Liverpool ba, kuma duk ɗan Arsenal da ya ce maka ta zauna son zuciya ne. Amma da wannan ma'aunin Forest ta yi daidai da Juventus, tunda biyu-biyu gare su, kuma kai ma ba ka yarda da haka ba.

Mai Gidan Kallo:
Daren 2006 ɗin nan ina tune. Ana tsakiyar zagaye na biyu aka ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi. Muna cin ɗaya aka ɗauke, da ya tashi ana cin mu biyu. Har yau akwai wanda ke cewa ni na jawo.

Ɗan Damagaram:
Ni a ganina filin Emirates ne ya cinye shekarun nan. Highbury mutum dubu 38 take ɗauka, sabon fili dubu 60, an kashe kusan fam miliyan 390, kuma bashi ne. Daidai lokacin Abramovich ya sauka a Chelsea a 2003, Larabawan Abu Dhabi suka sayi City a 2008. Wenger ya koma sayar da manya yana renon yara: Cole, Henry, Adebayor, Kolo, Fabregas, Nasri, har Van Persie ya tafi United a 2012 ya ci musu lig. Duk da haka kaka 19 a jere yana kai su Zakarun Turai. Ana yi masa dariyar kofin na huɗu, da ya tafi a 2018 aka gane na huɗun ma aiki ne.

Baffa United:
Bashin fili ne ya sa muka yi muku takwas da biyu a 2011? Ko shi ya sa Bayern ta yi muku goma da biyu gida da waje a 2017? Wenger ya wuce lokacinsa, ku da kanku kuka ɗaga masa kwalaye.

Kawu Mai Igwa:
Ya wuce lokacinsa da kamar shekara uku ko huɗu, na yarda. Amma ban ɗaga kwali ba, kuma ban ji daɗin yadda aka yi wa dattijon ba. Mutumin da ya ci FA bakwai, ba kocin da ya kai shi.

Ɗan Tottenham Tilo:
Ku jira Ɗangote ya saya muku ita, tun yaushe ake faɗa.

Maman Saka:
Ya sha faɗa a hira cewa yana so, matatar mai ta sha gabansa, Kroenke kuma bai ce zai sayar ba. Ku bar Alhaji ya ji da abin da ke gabansa.

Sannan Na Chelsea, gyara maganarka. Ka ce a Landan kofin Zakarun Turai gida ɗaya ya sani. Matan Arsenal sun ci shi a 2007, sun sake ci a Mayun 2025 a Lisbon, ɗaya ba ko ɗaya a kan Barcelona, Blackstenius ta ci. Babu wata ƙungiyar mata a Ingila da ta taɓa ɗaga shi sai su. Duk zauren nan maza kun yi shiru kamar ba ku gani ba.

Na Chelsea:
Anti ai na maza ake magana.

Maman Saka:
Igwar da ke rigarsu daban take da ta mazan?

Ɗan Madrid:
To Kawu, na karɓi rabi. Ban san labarin Chapman ba, ban san na 1989 ba, yanzu na je na kalli ƙwallon Thomas ɗin, gaskiya abin ya yi. A Ingila babba ce, na sallama. A Turai kuwa ƙanwar Porto ce, kuma kai ma ka faɗa da bakinka. Kocinku Arteta tun Disambar 2019 yake nan, FA ɗaya ya ci, ita ma Aubameyang ne ya ɗauko masa. In ya kawo mai manyan kunnuwan nan, kofin Zakarun Turai, ni da kaina zan sayi rigar Saka in sa a zauren nan.

Maman Saka:
Shugaba a adana wannan saƙon don Allah, kar ya goge.

Shugaban Zaure:
Na ɗauki hotonsa.

Kawu Mai Igwa:
Ka fara tara kuɗin, kuma ta asali za ka saya, ba ta bakin kasuwa mai igwa tana kallon baya ba. An kira sallah, sai da safenku.

Mai Gidan Kallo:
Kafin ku watse, masu bashin kallo na kakar da ta wuce, littafi yana nan. Baffa, da kai nake, wasa shida ne, har da na ƙarshen kofin Europa a Bilbao, ku da Tottenham, da ka fita kafin a tashi.